Mai Sanyi Ya Daina Sigari

Auta ta ji warinsa kafin ta ga fuskarsa.

Tana jera kayan aiki a kan tire a asibitin haƙorin da take aiki, sai wani wari ya cika ɗakin, warin taba da ta kwana a jikin tufa ta haɗu da zufa. Ta ɗago kai. Wani dogon saurayi ne a bakin ƙofa, tsani a kafaɗa, jakar kayan gyara a hannu.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Ni ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Mai Sanyi ake ce mini. An ce ta nan ce take yoyo."

Ya yi mata murmushi. Da ma bai yi ba. Idanu masu kyau, hanci kamar an zana, amma haƙoran nan sun wuce rawaya sun koma ruwan ƙasa, dasashin kuwa baƙi ƙirin. Auta ta sha ganin baki iri-iri a wurin aikinta, amma wannan ya fi ƙarfinta. Ta ja takunkuminta ta rufe hanci.

"Ga ta can. Don Allah kada ka taɓa tiren nan."

Ya hau tsani yana aiki yana zuba surutu. Ya ba ta labarin wata tsohuwa da ta kira shi gyaran firji, ashe jikanta ne ya zare wayar firjin ya sa cajin wayarsa. Auta ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Da ya sauko ya ce, "Wannan rufe fuskar, don aiki ne ko don ni?"

"Don kai ne. Bakinka kamar tukunyar da aka manta a kan wuta."

Ya sosa ƙeya. Sannan ya nemi lambarta, wai don ya riƙa jin lafiyar na'urar. Ita ma ta san ba na'urar ba ce, amma ta ba shi.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo.

"Gimbiyata, yau an gaya mini gaskiya, kuma ta yi zafi. Daga yau ni da sigari haihata-haihata. Ki zama shaidata."

Ta amsa: "Allah ya sa. Ka sayi buroshi kuma."

Haka soyayya ta fara. Yakan jira ta a bakin titi in ta tashi aiki, ya riƙe mata jaka, ya tsaya ta gefen da motoci ke wucewa. Bakinsa kullum cike da alewa mai yaji. Ita ta koma ce masa Sanyina, shi kuwa Gimbiya ba ta fita daga bakinsa.

Sai dai ashe ba ita kaɗai ce shaidar ba. Washegarin alkawarin ya ɗora hotonsa a waya yana karya karan sigari gida biyu, ya rubuta: "Sabon mutum, sabuwar rayuwa. Jama'a ku shaida!" Ya tura wa zauren danginsu na waya, ya tura wa na abokan makaranta, har masu kawo masa gyara ba su tsira ba. Kullum da sabon bidiyo: ga shi yana gudu da safe, ga shi yana shan ruwa, ga shi yana yi wa matasa nasiha da hannu a ƙirji. Mutane suna ta yabo, shi kuma yana bin yabon ɗaya bayan ɗaya yana amsawa.

Da farko abin ya burge Auta. Daga baya ya fara gundurarta.

"Sanyina, dole ne sai kowa ya sani?"

"Gimbiya, ai don wasu su yi koyi ne."

Ranar da ta kai maganarsa gida, Baba ko ɗago kai bai yi daga gyaran rediyonsa ba.

"Na ga bidiyonsa. Yayarki ta nuna mini. Mutumin da ya bar abu da gaske ba shi da lokacin tara 'yan kallo." Ya ajiye sukundireba. "Ni na yi jinyar ƙanina da taba ta cinye wa huhu, Auta. Ni nake zubar da kwanon da yake tofa majina da jini. Ba zan ba da 'yata ta je ta riƙe irin kwanon nan ba."

Mama ta ce a hankali, "Ga ɗan Goggonki nan, yaro tsaf-tsaf."

Ɗan Goggo a banki yake aiki. Manaja ake kiransa, ko da yake bai kai ba. Ƙamshin turarensa yakan riga shi shiga gida. Amma Auta ta taɓa ganin ya gaisa da mai gadin asibitinsu, yana juya baya ya zaro hankici ya goge yatsunsa ɗaya-ɗaya. Tun daga ranar ta tsani ƙamshin turaren nan.

Ta yi ta kare Sanyinta a gida har muryarta ta dushe.

Wata rana da aka tashe su da wuri, ta ce bari ta biya shagonsa ba tare da ta sanar da shi ba. Shagon a buɗe, babu kowa. Ta ratsa tsakanin tsofaffin firji zuwa baya, ta same shi a tsugune. Sigari a bakinsa, waya a hannunsa, yana rubuta nasihar ranar. Kusa da ƙafarsa ga wata gorar ruwa cike da guntayen taba, ruwan ya zama baƙi, ƙudaje suna bin bakinta.

Yana ganinta ya dunƙule sigarin a tafin hannu. Ta ji ƙaurin fata.

"Gimbiya, wallahi guda ɗaya ce, yau ne kawai..."

Ta nuna gorar.

"Ba tabar ce ta fi ba ni ƙyama ba," ta ce. "Da ka zo ka ce mini ka kasa, da na zauna mun yi kuka tare. Amma hayaƙi na fita ta hancinka kana koya wa mutane yadda ake dainawa? Ni kuma ina can ina yi wa mahaifina rantsuwa a kanka. Tir!"

Ta fita ba ta waiwaya ba. A gida ta yi wanka, ta wanke mayafinta, duk da haka tana jin kamar warin yana maƙale a maƙogwaronta.

Saƙo ɗaya ya turo mata: "Kin yi gaskiya. Ba zan roƙe ki ba, don bakina bai cancanci a yarda da shi ba yanzu."

Sannan ya goge duk bidiyoyin, ya bar layi ɗaya tak: "Jama'a, ƙarya na yi muku. Ban daina ba." Waɗanda suka yi ta yabo su ne suka fi kowa dariya. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsa.

Watanni suka shuɗe. Manaja ya samu fili, kullum yana gidan. Wata rana ya miƙa mata wayarsa yana murmushi.

"Ga mutumin naki. Ya samu wadda ba ta ƙyamar hayaƙi."

Hoton Mai Sanyi ne a ƙofar wani gida, wata mace tana gyara masa wuyan riga. Auta ta mayar masa da wayar ta ce ba ruwanta. Ta shiga ɗaki ta yi kukan da ita kanta ya ba ta haushi.

Ana nan, wata safiya likita ta ce ta shigo da mai son wankin haƙori na gaba. Ta buɗe ƙofa, ga Mai Sanyi zaune. Ya yi kumatu. Ya miƙe, ta jira warin nan ya buge ta, sai ta ji sabulu kawai.

"Kwanta. Buɗe baki," ta ce, fuska a ɗaure.

Aikin bai yi daɗin gani ba. Tana kankarewa, dattin shekaru yana ɓallowa ɓaro-ɓaro, baƙi da ruwan ƙasa, ruwan da yake tofarwa kamar na kwata. Amma Auta ta san tsohon tabo, ta san sabo. Ta duba bayan haƙoran ƙasa, ta duba dasashi. Babu sabo ko ɗaya.

Tunda bakinsa a wangame yake, ta samu damar faɗin duk abin da ke ranta.

"Ka ɓace kamar wanda ya mutu. Ko gaisuwa. Wace ce mai gyara maka riga?"

"Aa-aa-a," ya ce.

"Kurkure ka ba ni amsa."

Ya tofar, ya goge baki. "Yayata ce. Gidanta na koma, don abokan unguwarmu duk mashaya ne. Ita take caje mini aljihu."

"To me ya hana ka faɗa wa duniya wannan karon?"

"Tsoro, Gimbiya. Har yanzu in na ci abinci sai na ji hannuna yana neman taba. Ba zan ce miki na gama ba. Yau dai ban sha ba, jiya ma haka, tun ranar da kika fita daga shagona."

Ta juya tana wanke kayan aiki don kada ya ga idanunta.

A ƙarshen makon nan Goggo ta zo da ɗanta. Ana zaune a falo Manaja ya gyara murya ya sanar da cewa da zarar an yi biki Auta za ta bar aikin nan na ƙazanta, don matarsa ba za ta riƙa tura hannu a bakin kowane ƙazami ba.

Auta ta taso daga inda take zaune. Ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, ka gafarce ni, ni ma ina da sanarwa. Aikina ba zan bari ba. Shi kuma Yaya Manaja ba zan aure shi ba, ɗan'uwana ne, ya tsaya a nan. Wanda nake so ka san shi. Kada ka yarda da maganata, kada ka yarda da tasa. Ka bincika da kanka."

Goggo ta tafa hannu tana salati. Manaja ya ɗauki makullin motarsa. Baba ya tashi ya shiga ɗaki.

Amma ya bincika. Sai ya faɗo shagon ba sallama, da safe ko da rana tsaka, ya buɗe tsofaffin firji, ya leƙa bayan shago, ya kama yatsun Mai Sanyi ya shinshina. Saurayin yakan miƙa hannun kawai, ya kawo masa kujera. Sannu a hankali binciken ya koma hira, har Baba ya fara kai masa rediyonsa su kwance tare.

Wata yamma Baba ya dawo ya zauna ya cire takalmi.

"Auta, ki ce masa ya turo manyansa."

Ta ruga ɗaki ta rubuta: "Sanyina, Baba ya amince!"

Amsa ta zo nan take: "Alhamdulillahi. Gimbiya, zan iya gaya wa Yayata, ko in yi shiru?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Wannan kam ka gaya wa kowa."

Ranar ɗaurin aure rigar ango ta ƙi rufe tumbi, sai da tela ya saki ɗinkin da safe, abokai suna ta tsokanarsa wai amarya ba ta fara girki ba ya riga ya ƙoshi. Yayarsa ta rungume Auta tana kuka tana ce mata ta karɓi amana, ita ta gaji. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya ɗora a kan na mijinta, ya daɗe bai sake su ba.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku lafiya da zaman lafiya, ku tsufa tare har jikoki su dame ku da surutu."

Gidan ya amsa da amin. Ta ango ta fi ta kowa ƙarfi.