Ɓarawon da Ya Ɗaura Madauri

Kai, dakata min! Wai ba kai ka ɗauke rediyona ba, ɓarawo ne ya shigo daga waje? To rantsuwar ta isa haka. Zauna ka ji yadda aka yi da wani da ya fi ka iya rantsuwa.

Da rana tsaka aka kira wani Sufeton 'yan sanda zuwa wani ƙaramin kamfani. Ma'aikata sun fita cin abinci, an fasa taga, an yi sata. Kafin ya iso har an zaunar da Baba mai gadi a benci, tsoho yana share hawaye da hula.

"Shi ya bar su suka shigo, yallaɓai," in ji mai kamfanin, wani ƙato mai agogon zinare. "Ku tafi da shi kawai."

"Me aka ɗauka?"

"Madubai."

Sufeto ya dubi kwamfutoci jere a kan tebur, ba wadda aka taɓa. "Madubi dai na kallon fuska?"

Ƙanen mai kamfanin, wanda suke kira Injiniya, shi ya yi bayani. Madubai ne ƙanana kamar ƙwayar yashi, jere a kan ɗan faranti da bai fi farce ba. Ba hannu ke juya su ba. Lantarki ake saki a ƙarƙashin madubi, ya ja gefensa, ya karkata. Hasken da ke tafe cikin zaren gilashi, ɗauke da maganganun mutane na waya, sai ya bar wannan layi ya bi wancan. Irin wanda aka sace ɗin, guda ɗaya tak suka gama, gobe masu saye za su zo gani.

"Yau ka shiga ɗakin da aka yi satar?" Sufeto ya tambaye shi.

"Wallahi tun safe ina ofis."

Sufeto ya zaga. A jikin teburin aiki ya ga wani madauri irin na agogo, da waya ta tafi ƙasa.

"Wannan fa? Mutane kuke ɗaurewa?"

Wata ma'aikaciya siririya, Tsinke suke ce mata, ta yi dariya. "Kanmu muke ɗaurewa, yallaɓai. Ka san wutar nan da kan tsunkule ka in ka taɓa ƙofar mota? In ta fita daga yatsanka ta shiga madubin, sai ya manne, ya mutu ke nan. Madaurin ke zuƙe ta."

"Wa ya zauna a nan ƙarshe?"

"Ni."

"Sa hannunki."

Ta sa, madauri ya zame mata har gwiwar hannu. Ta daina dariya. "Ba haka na bar shi ba. An buɗa shi."

"Sai me kuma ya canza?"

Ta duba kantar ajiye kaya. Baƙin akwatin roba guda, irin wanda ake ajiye farantin a ciki, babu shi. Hantsakin da ake ɗauka da shi kuwa an goge, an mayar cikin kubensa.

Sufeto ya sosa gemu. Ɓarawo ya fasa taga da dutse, sannan ya zauna ya ɗaura madauri, ya goge hantsaki? Wannan ɓarawo akwai tarbiyya.

Ya sa Tsinke ta kawo wani faranti na gwaji. "Kowa ya ɗaga min shi in gani. Kai fara, mai kamfani."

Ƙato ya miƙa yatsu tsirara.

"Yaya, kar ka taɓa!" Injiniya ya doke hannun. "Haba! Kullum sai na faɗa maka? Ga yadda ake yi." Yana faɗa yana zama, bai ko duba ba, ya zura hannu cikin madaurin. Ya zauna masa cas, ba sassautawa, ba tsukewa.

Sufeto ya matso ya dubi madaurin.

"Tun safe kana ofis," in ji Sufeto. "Hannun naka ne ya zo shi kaɗai?"

Injiniya ya dubi wuyan hannunsa, ya daɗe yana dubawa.

"Farantin yana motata, ƙarƙashin kujera," ya ce. "Idona ya ƙare a kan madubin nan. Gobe Yaya zai ce aikinsa ne, ni kuma in tsaya a baya in riƙe masa jaka. Mutumin da bai san yadda ake ɗaga shi ba!"

"Shi ne ka bar tsoho zai kwana a bayan kanta."

Sufeto ya zaro ankwa.

"Da ka sunkuce shi da hannu kawai, da ban gane ka ba."

"Da madubai sun mutu, yallaɓai."

Sufeto ya kwance masa madauri, ya sa ankwa a gurbinsa, ya ce wa Baba mai gadi ya mayar da hularsa ya koma ƙofa. Ana tura Injiniya cikin mota yana waiwayen kofur ɗin da ya ɗauko akwatin: "Don Allah kar ka buɗe akwatin nan! Riƙe shi a kwance!"

To kai. Ɓarawon waje ne zai zare rediyo, ya kashe soket, ya tsaya ya naɗe wayar tsaf ya rataye ta a ƙusa? Duk gidan nan wa ke wannan sanabe in ba kai ba? Tashi ka ɗauko min, an kusa labarai.