Saniyar Aaltje

Rana ta kusa faɗuwa Lubbert ya rungumi farantin tagullarsa, ya kama hanyar birnin Haarlem zai kai wa mai buga hotuna. Sana'arsa ke nan: ya shafe tagulla da kakin zuma, ya zana shanu da tumaki da tsinin allura, ya tsoma a ruwan cin ƙarfe har layukan su zauna daram. Wannan farantin ya fi duk na baya kyau, amma Allah wadaran yadda aka same shi.

Da kaka ne saniyar Aaltje, tsohuwar da ke zaune bayan injin niƙa mai fikafikan da iska ke juyawa, ta zame cikin magudanar gona. Ita kaɗai gare ta a duniya. Lubbert na zaune a gefe yana zana saniyar, tsohuwa ta jefa masa bakin igiya tana ihu, "Ɗan nan, kama mu ja, don Allah!"

"Dakata, Iya," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Ban taɓa samun ido irin wannan ba."

Mara imani! Ya yi ta zane har taɓo ya rufe hancin saniya. Kafin ƙanƙara ta narke, yunwa da sanyi sun kai Aaltje kabari.

To, hanyar Haarlem ɗaya ce, bisa ganuwar da ke tare ruwa, kuma ta bakin magudanar nan ta bi. Hazo ya taso. Fikafikan injin suka tsaya cak, alhali iska na kaɗawa.

Sai ƙamshin madara. Mai ɗumi, tatsar yanzu.

Caɓ. Caɓ. Kofato cikin laka, a bayansa.

Ya tsaya, aka tsaya.

"Wane ne?" ya tambaya.

Huci mai zafi ya sauka a ƙeyarsa. Ya zabura, ƙafa ta zame, sai ga shi tsundum a magudana. Taɓo ya kama shi har ƙirji, yana ja. Ya miƙa hannun dama sama. Igiya ta sauko tana lilo, ta tsaya dab da yatsunsa.

A bakin ganuwa Aaltje ce tsugune, farantin a cinyarta, allura a hannu.

Ƙarr. Ƙarr.

"Iya, igiyar!"

"Dakata, ɗan nan," ta raɗa. "Kada ka motsa hannun."

Taɓo ya kai haɓa.

Masu kai madara kasuwa ne suka jawo shi da asuba, da sauran numfashi. Ya rayu, amma hannun dama ya bushe a buɗe, ko cokali ba ya riƙewa, balle allura.

Farantin kuwa an tsince shi bisa ciyawa, an ci layukansa tsaf, aka kai wa mai bugawa. Da aka ɗaga takarda, ga saniya tsaye a kan ganuwa, ɓul-ɓul da ita, tana kallon ƙasa. Cikin magudana hannu ne ya fito daga laka, yatsu biyar a ware.

Duk tsawon sana'ar Lubbert, babu hotonsa da aka yi rububin saye kamar wannan.