Ranar da Aka Kama Miss Noelie

Ran da Armand Doucet ya fara ganin Noelie, kama ta ya zo yi. To, ba ita ba dai, jirgin babanta. Mu nan Golden Meadow duk mai jirgin ruwa sunan 'yarsa yake sa masa, shi ya sa na Kaftin Ulysse Gisclair ake kiransa Miss Noelie. Wani kamfanin mai ne ya kai ƙara, wai jirgin ya daki ƙafar dandalin haƙar mansu a teku ran da ya kai musu kaya. A shari'ar teku kuwa jirgin ake kamawa, kamar mutum.

Armand, lauyan kamfanin, ya sauko daga mota cikin kwat, jami'in kotu na biye da shi, ya tarar da wata budurwa tana wanke saman jirgi da tiyo.

"Miss Noelie muke nema," in ji shi.

"Ga ni. Me na yi?"

Kai jama'a! Lauya guda, sai ga shi yana inda-inda. Da ta gane abin da ya kawo su sai ta juya tiyon, ta jiƙa masa takalman nan masu sheƙi jagab.

"Wayyo, sannu Mai Takalmi," ta ce, ba ko murmushi. "Hannuna ne ya kuɓuce."

Ya koma New Orleans, amma hankalinsa bai bi shi ba. Ya roƙi maigidansa ya cire shi daga shari'ar. Maigidan ya ce ko shari'ar ko ƙofa, shi kuwa bawan Allah ya zaɓi ƙofa. Ran bikin jatan lande na coci sai ga shi cikin farin takalmin roba irin namu, sabo fil, yana tafiya kamar agwagwa. Noelie ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma daga wannan dariyar aka fara.

Saƙon waya ya yi ta kai-komo tsakaninsu.

"Noelie tawa, na kama ɗan ɗakin haya kusa da gada. Yanzu ma'aikatan jirgi da suka ji rauni nake tsaya wa. Kin ci abinci?"

"Na ci, Mai Takalmi. Kai fa? Kar ka ce min burodi kuma. Zo, Kaka ta yi miyar kuɓewa da ƙaguwa."

Kaftin Ulysse dai ko sunan yaron ba ya son ji. Shi Dudley Plaisance yake wa sha'awar 'yarsa, matuƙi ɗan gida, duk da Noelie ta ce Dudley ba shi da zance sai na inji. Ga jirgi ɗaure a tasha, ga shari'a na ta ja, tsoho duk ya rame.

Wata Lahadi sai ya aika a kira Armand cin abincin rana. Bayan an kwashe kwanuka ya dube shi.

"Yaro, kana son 'yata?"

"Fiye da raina, Kaftin."

"To ai ka yi aiki da mutanen kamfanin nan, ka san abin da suka riƙe da inda suke da rauni. Faɗa min, ni kuma in ba ka ita."

Noelie ta zuba wa Armand ido, tana roƙonsa ba tare da ta buɗe baki ba.

"Kaftin, ka yi haƙuri. Amana suka ba ni. Na bar aikinsu, amma amanar tana wuyana."

"Tashi ka bar min gida."

Kafin ya kai gada saƙonta ya shigo: "Ashe kamfani ya fi ni. Babana zai rasa jirginsa, kai kana ta amana. Kar ka sake nemana."

Ya tsaya gefen titi ya amsa: "Ina son ki, Noelie. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan."

Ta karanta, ta sha kuka, ta kife wayar. Wallahi ni kaina a lokacin haushinsa na ji.

Alƙali ya ba kamfani gaskiya, aka sa jirgi a gwanjo. Ran da za a kwashe kayan ciki, mutanen gari kunya ta hana su zuwa kallon tsoho. Armand kaɗai ya zo. Da isowarsa ya hau ɗaukar katifu da tukwane yana kaiwa mota, gumi sharkaf. Noelie tana gefe, ta ƙi kallonsa, kuma ta kasa tafiya.

Da suka gama, Kaftin ya zauna a bakin tasha yana kallon jirgin.

"Da ka faɗa min ran nan, da na tsira da shi?"

"Wannan ma ba zan iya faɗa ba, Kaftin."

Tsoho ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Kai dai akwai taurin kai. To bari ka ji. Da ka faɗa, da na karɓa hannu biyu, don ina son jirgin nan. Da na cika alkawari kuma na ba ka ita, amma har in mutu hankalina ba zai kwanta ba. Wanda ya sayar da mutanen da ya bari, wata rana zai sayar da wadda yake tare da ita." Ya juya. "Noelie, zo nan. In har yanzu kina son wannan ɗan rigimar, na ba shi."

"Baba..." Ta dubi Armand. "Na ce kar ka sake nemana."

"Ai ban neme ki ba. Tukwane na zo ɗauka."

Ta kai masa duka a ƙirji, sannan ta kifa kanta a wurin tana kuka.

An ɗaura auren a cocin bakin ruwa, aka ci shinkafa da jatan lande har aka bar saura, Dudley ma ya zo ya taka rawa. Kaftin Ulysse, wanda yanzu jirgin wani yake tuƙawa, ya kama hannun 'yarsa ya sa a na Armand, ya riƙe su duka biyun ya daɗe bai saki ba.

"Ita kaɗai ta rage min, ɗana," ya ce. "Ga amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."

Duk cocin muka amsa da amin.