Shekara Biyu Ana Bin Muryar Baba

Ƙarfe biyar na yamma Mama ta sauke tukunya, Auta kuma ta jera kujeru huɗu a falo maimakon uku. A gidan nan ba a taɓa abinci sai an yi waƙa da addu'a. Baba ya shekara talatin da ɗaya yana shugabantar mawaƙan cocinsu, har sunansa ya ɓace, yaro da babba Kwayamasta suke ce masa. Da waƙa ya raini 'ya'yansa biyar, da waƙa ya aurar da huɗu, da ita ya binne iyayensa. Yana kuma da wata doka da shi kaɗai ya kafa wa kansa: duk wanda ya zo neman aure gidansa, sai an miƙa masa littafin waƙoƙi ya rera tare da su kafin a ce komai.

Kujera ta huɗu ta Tela ce, saurayin Auta, mai shagon ɗinki a bakin titi. Auta ta gaya masa rigar da zai sa, ta gaya masa yadda zai gaisa, har inda zai ajiye takalmi ta gaya masa. Abu guda ta ɓoye, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci.

Shekara biyu ke nan kunnen Baba ya fara nauyi. Zai ɗauko waƙa daidai, amma a baiti na biyu muryarsa ta zame ƙasa, a na uku ta ƙara zamewa, shi bai sani ba. Mama da Auta sai su bi shi a hankali. Mawaƙan coci ma haka suke yi, mai kiɗan kibod ya saba sauke ki, wato matakin sautin waƙar, a ɓoye. Ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa, Mama kuwa ta hana a fitar da maganar ko bakin ƙofa.

Tela ya zo, ya durƙusa ya gaishe su, aka ba shi littafi. Baitin farko ya tafi lafiya lau, har Baba yana gyaɗa kai. A baiti na biyu Baba ya zame, mata suka bi shi, Tela ya tsaya kyam inda aka fara. Auta ta taka masa ƙafa, shi kuwa ya ɗauka ƙarfafa shi take yi, ya ƙara buɗe murya. Kafin a kai amshi, falon ya zama kamar an kunna rediyo biyu.

Baba ya rufe littafi.

"Ya isa. Samari, ka gaida gida."

Bayan fitarsa Baba ya dubi 'yarsa. "Rashin murya ba laifi ba ne, Auta, Allah ne mai rabawa. Amma mutum ya ji mutane uku suna tafiya wuri guda, shi ya ja tasa hanyar, yana ma ƙara ɗaga murya? Wannan girman kai ne. Wanda ba ya sauraron na kusa da shi a waƙa, ba zai saurari matarsa a gida ba. Ban yarda ba."

"Baba, ai shi..."

"Auta, je ki duba tukunya," in ji Mama da sauri.

A kicin Auta ta fashe da kuka. "Mama, kin san shi ne a kan daidai. Me ya sa ba za mu gaya wa Baba ba?"

"Ki gaya masa me? Mutumin da ba shi da gona, ba shi da mota, kunnen nan ne kaɗai abin alfaharinsa? Kina so ki kwantar min da miji?" Mama ma hawaye take yi. "Ki yi haƙuri, zan san yadda zan lallashe shi."

Washegari Auta ta je shago. Tela yana kan keke yana ɗinka siket ɗin 'yan makaranta, ta zauna a kan benci cikin ƙyallaye ta zayyane masa komai. Ya tsayar da keke, ya dafe kai.

"Ni fa na ji ya sauka. Na zaci gwada ni yake yi, ya ga ko zan iya riƙe ki ɗin. Ina ta murna a raina wai na ci jarrabawa."

Auta ta yi dariya. "Kai da cin jarrabawa. To, yanzu sai ka je ka gaya masa gaskiya, tunda mu an ɗaure mana baki."

"A'a. In fara shiga gidanku da kunyata mahaifinki? Ko ya ba ni ke, kullum ya gan ni sai ya tuna. Bari in bi ta doguwar hanya."

Doguwar hanyar ita ce ya shiga kwaya, ƙungiyar mawaƙan cocin. Kowace Laraba da Asabar yakan rufe shago da wuri ya je koyon waƙa. Baba ya ajiye shi a benci na ƙarshe, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Yakan tashe shi tsaye ya maimaita layi guda sau shida, 'yan mata suna ƙunshe dariya da gyale, ko da yake kowa a ɗakin ya san wanda ya kauce. Tela sai ya ce, "To, Baba, zan gyara," ya sake. A hankali shi ma ya koyi zamewa tare da kowa. Auta tana layin gaba tana jin komai, zuciyarta tana ƙuna, tana jin haushin Baba, da na Mama, da na kanta.

Wata uku aka yi haka. Lallashin da Mama ta yi alkawari bai wuce "Baban Auta, yaron nan fa yana da ladabi" ba, Baba kuwa sai ya ce ladabin neman aure ne, kowa ya iya shi. Ran wata Juma'a ya kira Auta ya ce, "Ki gaya masa ya daina wahalar da kansa. Yana so ya nuna min ya canza, amma na riga na ga halinsa tun ranar farko. Jibi bayan sujada zan sanar da Fasto, a rufe maganar."

Da yamma aka jera kujeru uku, Baba ya ɗauko waƙa. Da aka shiga baiti na biyu ya zame kamar kullum, Mama ta bi shi. Auta ta rufe ido, ta tsaya inda aka fara. Hawaye yana bin kumatunta, amma ba ta sauka ba. Mama ta zungure ta, ta ƙi. Can Mama ta dubi fuskar 'yarta, ta ja dogon numfashi, ita ma ta hau ta same ta.

Baba ya rage shi kaɗai a ƙasa. Ya yi layi biyu ya tsaya.

"Ku ma?"

Mama ta sauko daga kujera ta durƙusa, ta matso kusa da kunnensa na dama, wanda ya fi ji. "Baban Auta, ka gafarce ni. Ba mu ne muka kauce ba. Shekara biyu ke nan muna bin ka, mu da kwaya duka. Ni na hana a gaya maka."

Baba ya daɗe yana kallon littafin da ke cinyarsa. Auta ta ji tsoro ƙwarai, ta ɗauka faɗuwa zai yi ko ya daka tsawa.

"Shekara biyu," in ji shi a hankali. "Ashe shi ya sa nake ganin kamar kowa ya koma magana ƙasa-ƙasa." Ya ɗago. "Yaron nan ya sani?"

"Tun washegarin zuwansa, Baba," in ji Auta.

"Ya sani, ina tashe shi tsaye gaban yara, bai ce uffan ba?"

Auta ta gyaɗa kai. Baba ya share ido da bayan hannu, ya ce a yi addu'a a ci abinci, kuma ya ci sosai. Mama da ta shekara biyu tana tsoron wannan ranar ta zauna tana kallonsa, ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka.

Da safe Baba ya ce Auta ta raka shi shago. Tela ya gan su ya miƙe a ruɗe, tef a rataye a wuya, ya rasa inda zai ba su wurin zama.

"Zauna, ɗana. Kuma ka ɗaga murya, an ce ba na ji." Baba ya yi ɗan murmushi. "Waƙar nan ta ranar farko, wa ya koya maka ita?"

"Mahaifiyata ce, Baba, kafin ta rasu. Tana budurwa ta yi kwaya a hannunku. Ita ta ce min Kwayamasta ya hore su, in an ɗauko waƙa a riƙe ta inda aka fara, ko da kowa ya kauce."

Baba ya kama bakin tebur. "Ashe koyarwata na kora daga gidana." Sannan ya ce, "Na ce ba ka sauraron mutane. Wata uku kana sauraron tsohon da ba ya jin kansa. Ka yafe min. Ka turo manyanka."

Auta ta juya ta fuskanci bango don kada a ga yadda take kuka da dariya a haɗe. Tela kuwa durƙusawa ya yi yana godiya, har ya manta dutsen guga a kan rigar mutane, sai da Baba ya ce, "Hancina dai lafiyarsa ƙalau, wani abu yana ƙonewa."

Makon da ya biyo Auta ta kai Baba asibiti aka sa masa na'urar ji. Ranar Laraba ya tsaya gaban mawaƙa ya faɗi komai da bakinsa, ya ɗauko Tela daga benci na ƙarshe ya tsayar da shi a damansa, ya ce in ya zame a taɓa masa kafaɗa. Ranar auren shi ya jagoranci waƙa, ango ya taɓa shi sau ɗaya tak.

'Yan uwana matasa, haƙurin Tela ne ya ba shi mata, domin ya gwammace a yi masa dariya da ya kunyata babba. Amma ku lura da ɗaya gefen. Mama da ƙauna ta ɓoye gaskiya, ɓoyon ya kusa raba 'yarta da mijin kirki. In naka ya kauce, kada ka bi shi don tausayi. Ka gaya masa da ladabi, tun abin bai shafi wanda bai ji ba bai gani ba.