Kunne a Ƙofar Ciki

Mata masu kai nono kasuwa ne suka fara ganin motar da hantsi, a gefen kwalta, kafin a kai Guéné. Kamyon shanu ce, ƙofar baya a wangale, babu ko maraƙi a ciki. Direban yana kife a kan sitiyari da harsashi a wuya. Sunansa Bukari Arziki, kuma duk tashar Malanville ta san shi.

Ajidan Ramatou ta iso a kan babur kafin a taɓa gawar. 'Yar sanda ce mai muƙamin ajidan, amma garin har yau jandarma yake ce mata, ita ma ta gaji da gyara musu. Ta zagaya motar, ta ga gungumen da aka gitta a hanya, sannan ta shiga ciyawa. A gindin wata tsamiya ta tarar da ɓawon gyaɗa da guntayen sigari tuli guda.

"Waɗanga ba tsautsayi ya haɗa su da motar ba," ta ce wa abokin aikinta. "Zama suka yi, suna jiran ta."

Wannan ne karo na uku da aka tare motar ƙungiyar fataken shanu, kuma shi ne karo na farko da aka yi kisa. Abin da ya fi damun Ramatou shi ne, ƙungiyar ta daɗe da daina faɗin tafiyar motocinta a waya. Suna da na'ura mai ƙwaƙwalwa a buro, wato ofishinsu. Sakatare ya rubuta lokacin tashi da hanyar da za a bi, na'urar ta kulle saƙon, ta tura wa mutanensu na Parakou, su kaɗai ke iya buɗewa. Wadda ta shirya musu wannan manhaja kuwa Sakinatu ce, ƙanwar mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kai, bakin mutane! Tun ba a yi wa Bukari sutura ba, garin ya yanke hukunci. Wai ita ta ƙera kwaɗon, ita ta san yadda ake buɗe shi, ita ta sayar da ɗan'uwanta. Da ta je gidan makoki, tsohuwarsu ta juya mata baya a gaban mata, ta ce kada a shimfiɗa mata tabarma. Kafin la'asar samari sun fara taruwa a ƙofar gidanta da duwatsu. Ramatou ta ɗauke ta zuwa komisariya, ofishin 'yan sanda, rabi kamu, rabi ceto. In ba a samu wani ba, kurkukun Kandi ke jiran ta.

Ramatou ta fara da shugaban ƙungiya, Alhaji Sodangi.

"Wa ke da lakilen buɗe buro, Alhaji?"

"Ni, da Seydou sakatare, da Faruku mai gyaran batura da farantan hasken rana."

"Faruku mijin Sakinatu?"

"Shi. Yaron kirki, wallahi. Tun da sahe shina can wurin gina kabari."

"Kai kana taɓa na'urar?"

"Ni? Madam, ko lambar ɗiyata ba ni iya nemowa a salula. Kuma shanun da aka kora, rabinsu nawa ne."

Seydou ya zo yana zufa, hula a hannu. Shi ke buga kowane saƙo, saboda haka shi Ramatou ta fi matsa wa.

"Ranar da aka tare mota ta biyu, kana ina?"

"Madécali, Madam. Tsohona ya rasu, na yi mako can. Ɗiyar Alhaji ta buga saƙon. Ban san ma mota ta tashi ba sai da na komo."

Ta aika a bincika. Gaskiya ya faɗa.

Sai ta shiga wurin Sakinatu. Matar na zaune a benci, idanunta sun kumbura, kwanon abincin da mijinta ya kawo yana rufe kamar yadda ya zo.

"Kullen naki ana iya karya shi?"

"A'a, Ajidan. Ba ni na ƙirƙire shi ba. Akwai rumbun kayan kulle saƙo da masana suka riga suka rubuta, duk duniya ana aiki da shi. Ni ɗauko shi na yi, na haɗa da manhajata."

"To saƙo bai da ƙafa. Ta ina ya fita?"

"Ban sani ba. Amma in kika kai ni gaban na'urar, zan iya bin sawunshi."

"Da mi?"

Sakinatu ta goge fuska da gefen mayafi. Muryarta ta ɗan tsaya, kamar mai komawa ƙasar da ta sani.

"Saƙo na bi ta ƙofa biyu. Ta ciki, yana nan a buɗe, kowa na iya karantawa. Ta waje, an riga an kulle shi. A kowace ƙofa, rumbun ya tanadi mazauni guda, inda mai manhaja zai aje ɗan umarninshi. Ka ce ma rumbun, duk lokacin da aka karanta wani abu ko aka rubuta ta nan, ka kira ni. A lakwal, inda na yi karatu, rapel muke ce mishi. Kamar ki ce ma mai gadi ya yi miki bip, ya kira ya yanke, in wani ya shiga."

"Kin aje naki tun farko?"

"Ban aje ba. Ba a buƙatarshi sai ana neman inda matsala take."

Washegari da azahar, tasha ta yi tsit, Ramatou ta kai ta buro ta ƙofar baya, ta bar ɗan sanda a waje. Sakinatu ta zauna. Ta fara da ƙofar waje, ta aje rapel ɗinta, ta buga saƙon gwaji. Allon ya nuna rubutu ya fita sau ɗaya, a kulle, tarkacen haruffan da ba mai gane su.

"Nan lafiya lau," ta ce.

Ta koma ƙofar ciki. Kafin ta aje nata, ta tambayi rumbun ko mazaunin babu kowa. Sai hannunta ya tsaya cak.

"Innalillahi."

"Mi kika gani?"

"Akwai wani zaune a nan. Ba nawa ba ne." Ta bi layukan da yatsa. "Duk saƙon da aka rubuta, tun ba a kulle shi ba, wanga abu na kwafe shi ya tura ma wata salula. An kafa mini kunne a cikin ɗakina, Ajidan. Ni ina ta alfahari da kwaɗo, ashe ɓarawon na ciki."

"Lambar fa?"

Lambar ƙetaren kogi ce, ta wata ƙasa, irin layin da ake saye a bakin jirgi da sunan wani. Ramatou ta san bin ta ɓata lokaci ne.

"In kika aje naki, nashi fa?"

"Mazaunin ɗaya ne. Nawa ya hau, nashi ya sauka. Saƙo zai ci gaba da zuwa Parakou kamar kullum, shi kuwa zai daina jin komai."

Ramatou ta ciro salularta.

"Naki zai iya kiran salulata?"

"Akwai layi a jikin na'urar. Bip ɗaya in an karanta, biyu in an rubuta."

"Aje shi. Kuma ko a mafarki kada ki faɗa ma kowa. Kowa na ce."

Aka mayar da Sakinatu komisariya. Garin ya ci gaba da zaginta, Ramatou kuwa ta bar shi da gangan, ko da yake abin na ci mata rai. Ta ce wa Seydou ya yi aikinsa yadda ya saba, ya kuma sanar da ita duk sa'ad da ya zauna gaban na'ura. Duk bip ɗin da ya shigo ya dace da zamansa. Motoci suka tashi, suka isa Parakou lafiya.

Ranar Alhamis Faruku ya kawo abinci kamar kullum, tuwon shinkafa da miyar kifi. Dogo ne mai sanyin magana, ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya durƙusa ya gaida Ramatou, ya tambayi jikin matarsa. Har ya juya, sai ya dawo.

"Madam, na ji an ce na'urar buro ta samu matsala. In kuna so in duba ta..."

"Wa ya ce?"

"Hakanan, a tasha. Kin san mutane."

"Allah ya kyauta. In da buƙata, za a neme ka."

Yana fita ta kira Seydou. Ya ce na'ura ƙalau take. Ta kira Parakou, suka ce ko saƙo ɗaya bai ɓace ba. Ta aje salular a kan tebur, ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da Sakinatu ke ciki.

Ba ta kama shi a ranar ba. Shiga buro ba laifi ba ne ga mai lakile, kuma magana ɗaya ba ta isa kai mutum gaban alƙali ba.

Ranar Juma'a, da liman ya hau mumbari, tasha ta watse, shaguna suka rufe. Alhaji da Seydou suna masallaci, an tabbatar mata. Ramatou na zaune da Sakinatu, salula a tsakaninsu. Sai salular ta yi ƙara ta yanke, ta sake yi ta yanke.

Sakinatu ta miƙe zumbur. "Rubutu ne! Wani na gwada saƙo!"

"Zauna nan. Kada ki motsa."

"In biyo ki, don Allah. Ina son ganin fuskarshi."

"Na ce ki zauna!"

Ramatou da 'yan sanda biyu suka shiga buro ta ƙofar baya, ta garken shanu. Faruku na zaune gaban na'urar, jakar kayan gyaransa a ƙasa ko zuge ta bai yi ba. A hannunsa na hagu akwai wata ƙaramar salula, yana kallon ta, yana jiran saƙon da ba zai zo ba.

"Batura na zo dubawa," ya ce.

"Batura na bayan ɗaki, Faruku. Kawo salular."

Lambar ita ce wadda suka gani a cikin na'ura. A ciki akwai tafiyar motoci ukun da aka tare, da wasu da Allah ya tsare. Bai yi gardama ba. Ya zube a ƙasa, ya ce ɓarayin sun yi masa alkawarin ba za su taɓa kowa ba, shanu kawai za su kora. Ya faɗi sunayensu da inda suke kai dabbobin.

Ramatou ta sa aka shigar da shi komisariya ta baya, sannan ta je wurin Sakinatu ta zauna kusa da ita a benci, abin da ba ta taɓa yi ba.

"An kama shi?"

"An kama. Ke kuma an wanke ki. Yau ɗin nan Alhaji zai je da kanshi ya gaya ma Innarku."

"Wane ne?"

"Bari in faɗa miki yadda na gane, don kada wata rana ki ce zato na yi. Seydou na ganin saƙo da idonshi, ba ya buƙatar kunne. Alhaji bai iya taɓa na'ura ba. Ke kuwa da naki ne, da ba ki nuna mini shi ba. Saura mai lakile, mai ilimin abin, wanda ba a bari ya karanta saƙo. Da kika sauke kunnen, na'ura ta ci gaba da aiki ga kowa, sai ga mutum ɗaya. Jiya wani ya zo ya ce mini ta lalace. A garin nan kaf, mai sauraron kaɗai zai ga haka."

Sakinatu ta kalli kwanon da ke gefenta. Can ta ce, "Ni na koya mishi. A tsakar gida, bayan an ci tuwo. Ya ce yana son sanin aikina."

"Ki yi haƙuri, ƙanwata."

"Ajidan, abu ɗaya zan tambaye ki, kuma kada ki tausaya mini. Ya san Bukari ne zai tuƙa motar?"

Ramatou ta so ta yi ƙarya. Wallahi ta so. Amma salular na cikin aljihunta, kuma a kotu za a karanta abin da ke ciki a gaban kowa.

"Ke kika tsara saƙon," ta ce a hankali. "Mi ake fara rubutawa?"

Sakinatu ta rufe ido.

"Sunan direba," ta ce.