Kwana Tara Kafin Sakin Gonaki

"Ga aikin surukinka nan, Kawu! Duba da idonka!"

Taɓarya ta tsaya cak a hannun Hamida.

Misbahu ne, ɗan gwaggonta, ya faɗo tsakar gida ko sallama babu. Ya watsar da igiyoyi huɗu a gaban tabarmar mahaifinta, Malam Ishaƙu.

"Raƙuman Yasin sun kwana cikin wakenka! Huɗu! An yanke masu dabaibayi an sake su. Ko harawa ba su bari ba!"

Malam Ishaƙu ya ɗauki sandarsa ya fita. Sai da hantsi ya ɗaga ya dawo, ƙafafunsa duk ƙaya. Bai kalli Hamida ba, mahaifiyarta ya kalla.

"Gaya ma ɗiyarki ba aure."

"Malam..."

"Na gama."

Har yau in Hamida ta tuna watan Nuwamban nan, waɗannan kalmomi take fara ji kafin komai. Alhali wata ne da ba wanda ya zauna a ƙauyensu na gefen Urafane. Amalanke na shiga da dammunan gero, mata na roron wake tun asuba har bayansu ya ƙage, maza na yaɓen rumbu, tela bai ɗaga kai daga kekensa. Kowa na jiran rediyo ya faɗi ranar da perefe, shugaban gunduma, ya sa ta sakin gonaki, ranar da dabbobin makiyaya ke da izinin shiga su ci kara. Daga nan sai bukukuwa, kalangu da kokawa. Aurenta da Yasin shi aka sa na farko.

Su Yasin Buzaye ne masu raƙuma. Duk kaka suna sauka a bakin burtali, arewa da gari, su jira wannan rana. Shekara goma sha ɗaya ba su taɓa taka gonar kowa ba.

Sai yanzu, saura kwana tara.

Washegari a rijiya wayarta ta yi ƙara. Ta ja gefe ta ɗauka.

"Hasken idona, kina ji na?"

"Ina ji... Don Allah gaya mini ba kai ba ne."

Ya yi shiru. Shirun ya fi mata zafi da faɗa.

"Ke ma sai kin tambaya?"

"Yi haƙuri, masoyina. Kaina ya ɗaure ne."

"Samarinku sun aiko. Sun ba mu zuwa Alhamis, ko mu tashi ko su tashe mu. Baba ya ce ba zai tsaya a zubar da jini kan wake ba. Arewa muka yi."

"In kun tahi cewa za a yi ku ne!"

"An riga an ce."

"Ni fa? Ni ina zan yi?"

Muryarsa ta karye. "Hamida, mu ba mu yanke igiya. Inna Lalla ke tufka su da hannunta, kwana biyu take kan guda. Wane mahaukaci zai sa ma aikin uwarsa wuƙa?"

Layin ya ɗauke.

Garin ya canza cikin kwana biyu. Samari suka bar gona, suka koma gindin gawo suna feƙe sanduna, ba hira ba dariya. Ran kasuwar Urafane Inna Lalla ta kai nono ta dawo da ƙwaryarta cike, ba wadda ta taya. Hamida da idonta ta ga an shigar da bido biyu na esans, wato jarkokin fetur, ɗakin Misbahu, shi da ko moto bai da.

Gwaggo Zara'u, uwar Misbahu, ta shigo da ƙosai a kwano, fuska sake.

"Bar kuka, 'yar nan. Allah ne ya so ki. Mi za ki ci cikin bukkar tabarma? Ga ɗan'uwanki nan, shekara biyu yana jiranki, bai yi fushi da ƙin da kika yi mishi ba."

"Na gode, Gwaggo."

"Kayan ɗaki ma an riga an haɗa. Ba sai an ɗage rana ba."

Hamida ta ɗago ta dube ta. Wa ya yi maganar rana?

Da Gwaggo ta fita ta lallaɓa zaure, inda mahaifinta ya rataye igiyoyin. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Kowace a yanke take ta tsakiya, yankan gaggawa, amma ƙullinta na nan cikin madauki, ba a taɓa shi ba. Ta daɗe tana kallonsu.

Ran Laraba da la'asar mai gari ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Su Yasin na gefe guda, shi da mahaifinsa da Inna Lalla, mazan rawunansu a ja har hanci. An ce tun safe sun kwance rabin bukkokinsu. Samari sun yi zobe a baya, kowa da sanda.

Ba a taɓa ganin budurwar da aka sa wa rana a irin wannan wuri ba.

Hamida ta ratsa su, hijabi har ƙasa, ta durƙusa.

"Ke!" Malam Ishaƙu ya miƙe. "Koma gida!"

"Baba, ka dake ni in mun koma. Magana ɗaya ce."

Mai gari ya ɗaga hannu. "Bar ta, Ishaƙu. Faɗi, ɗiyata."

Ta juya wajen Inna Lalla. "Inna, ara mini dabaibayin da ke hannunki."

Tsohuwar ta miƙa mata sabo, a ƙulle. Hamida ta ajiye shi gaban Misbahu.

"Yaya Misbahu, kwance shi."

"Ni makiyayi ne? Wane irin wasa ne wannan?"

"Kwance mana," in ji mai gari.

Ya ɗauka da hannun hagu, na daman na cikin aljihun riga. Ya ja, ya murɗa, har da haƙori. Ƙullin ya ƙara shigewa. Wani daga baya ya yi dariya, aka harare shi.

Inna Lalla ta karɓa. Ta danna da babban yatsa sau ɗaya. Igiyar ta buɗe.

Hamida ta zube yankakkun nan huɗu a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ku duba. Wanda ya iya buɗewa da yatsa ɗaya, mi zai kai shi neman wuƙa?"

Idanu suka koma kan Misbahu.

"Ƙarya ce!" Misbahu ya daka tsawa. "Don su ɓad da sawu suka yanke! Buzu ya shanye ta, ba ku gani?"

Inna Lalla ba ta ɗaga murya ba.

"Cikin huɗun akwai taguwa guda, ba ta yarda da baƙon hannu a ƙafarta. Misbahu, fiddo hannunka na dama."

"Lauje ne ya yanke ni."

"To mu ga yankan laujen," in ji Inna Lalla.

Malam Ishaƙu da kansa ya kama hannun ya warware tsumman. Tsintsiyar hannun ta kumbura ta yi baƙi, ga shaidar haƙora sama da ƙasa.

"Innalillahi..." Tsohon ya saki hannun kamar ya taɓa garwashi. "Waken da uwarka ke ci a ciki, Misbahu?"

Sandunan da aka feƙe don bakin burtali suka juyo. Zoben ya fara matsewa.

"A ba mu shi!"

Hamida ta rufe ido. Da ta buɗe, Yasin ne tsaye gaban Misbahu, hannuwansa a buɗe, ba ko tsinke.

"Ba wanda zai taɓa shi. Mun ɗaure kaya ne don kar a ga jini. Nashi ma jini ne."

A hankali sandunan suka sauka.

Mahaifin Yasin ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Alhamdu lillahi, an wanke mu. Gobe da asuba mu kama hanya."

Hamida ta ɗago kai ta dube shi.

"Inda aka auna mana bukka da esans," ya ce, "ba mu iya barci a wurin."

Malam Ishaƙu, mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri a bainar jama'a ba, ya tako har gabansa ya tuɓe takalmi.

"Na yanke hukunci ban tambaya ba. Ni na yi laifi." Ya nuna hanyar gonarsa. "Gonata ta gaji, taki take so. Ranar da aka saki gonaki ku shiga tawa ku kafa bukkokinku a tsakiya. Wanda zai zo da wuta, gonata zai ƙona."

Mahaifin Yasin ya miƙa masa hannu.

Misbahu ya bar gari kafin Juma'a, aka ce ya bi motar Agadas. Gwaggo Zara'u ba ta zo biki ba. Ranar da kalangu ya cika gari ƙofarta a rufe take, kuma har yau in Hamida ta gaishe ta, bango take kallo.

Ranar bikin da la'asar aka kai amarya, kan raƙumi, zuwa sabuwar bukka a tsakiyar gonar mahaifinta. Da mata suka watse Yasin ya durƙusa ya ɗaga mayafinta.

"Tauraruwata... har yanzu rawa kike?"

"Na ɗauka ka tahi ke nan."

"Da na tahi da kin biyo ni har gaban perefe, na gani."

Ta kai masa duka a kafaɗa, hawaye na zuba, dariya na ƙwace mata.

"Kar ka sake yi mini shiru a waya."

"Ke ma kar ki sake tambayata ko ni ne."

"Har abada," ta ce.