Daɓen da Ke Ƙarƙashin Filin Alhaji

Duk ranar da Auta ta dawo daga aiki sai an yi ɗan ƙaramin yaƙi a ƙofar falo. Mama na tsaye da tsintsiya, ita kuma tana tsugune tana kwance igiyar takalmin da ya sha ƙasa har ya manta kalarsa ta asali.

"Kowa ya tura 'yarsa jami'a ta fito da farar riga, ni tawa lebura ta zama," in ji Mama. "Dubi farcenki don Allah. Da wannan hannun za a kai ki gidan mutane?"

Auta dai dariya take yi. Tana shekarar ƙarshe a karatun tono kayan mutanen da, kuma makaranta ta tura ta sanin makamar aiki a wani kamfani da ke duba fili kafin a kafa babban gini, saboda doka ta hana a zuba kankare a kan abin tarihi. Kayan aikinta ba su wuce ɗan cokalin gini da buroshi da rariya ba, sai rana da take sha har ta gode Allah. Amma tana son aikin kamar me. Gidan mutanen da Mama ke faɗa kuwa gidan su Dogo ne, saurayin da ke riƙe wa mahaifinsa shagon siminti da rodi. Manya sun riga sun yi magana, da ta ajiye biron jarabawar ƙarshe za a ɗaura aure.

Ana cikin haka sai aka tura su duba wani fili a bakin titi, ashe na mahaifin Dogo ne. Alhaji ya daɗe yana mafarkin jerin shaguna a wurin, ya tara bulo, ya kama magina, sa hannun kamfanin kawai yake jira. Da ya ji surukarsa na cikin masu dubawa sai ya ce ai magana ta ƙare, ta gida ce. Kullum da hantsi sai ga motarsa da lemo mai sanyi, ya tsaya yana kallon yadda ake ja wa ƙasa zare ana kankare ta kaɗan-kaɗan, yana girgiza kai. A cewarsa, da shi aka bari da diga ɗaya, da tuni an wuce wurin.

Ramukan gwaji duk suka tashi babu komai sai ledoji da marfin kwalba. Saura na Auta, can kusurwar baya. Ranar da za a rufe aikin, shugabarsu, wadda suke kira Madam, tana ɗaya gefen tana sa a loda kaya a mota. Auta ta kai cokali ke nan ta ji ya goga wani abu. Ta sa buroshi ta share. Tsingaro ne, fasassun tukwane, amma ba a watse suke ba. An jera su a tsaye, bakinsu ɗaya, layi bayan layi, sun shige ƙarƙashin bangon ramin. A lakca kawai ta taɓa ganin hoton irinsa: daɓen ɗakin wasu mutane ne da suka zauna a nan tun kafin a haifi kakan kakan kowa. Daɗi ya kama ta.

Inuwa ta faɗo a kanta. Alhaji ne.

Ba yaro ba ne, kallon fuskarta kawai ya yi ya gane. Ya tambaya ko abin zai tsayar da gini, ta sunkuyar da kai ta ce zai tsayar, na wani lokaci. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"'Yata, mayar da ƙasar nan. Fasasshiyar tukunya ce fa. Daga ni sai ke muka gani."

Auta ta ji kamar ta nutse a ramin. Mutumin da ko ido ba ta iya haɗawa da shi, yau shi ke roƙonta, kuma abin da yake roƙo bai fi shebur biyu ba. Ta tuna Dogo, ta tuna akwatunan da Mama ta fara tarawa. Ta san sarai abin da take shirin ɓarowa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Komai ka sa ni zan yi, amma ban da wannan."

Ta miƙe ta ɗaga wa Madam hannu.

Kafin la'asar an zagaye kusurwar da jan ƙyalle, kafin magariba labari ya isa gidaje biyu. Hajiya, mahaifiyar Dogo, ta bugo wa Mama waya ta ce a dakata da maganar biki tukuna, don yarinyar da ta kunyata uban miji tun tana waje, in ta shigo ciki sai abin da Allah ya yi. Gwaggonnin Dogo suka samu na yi. Wata ta ce boko ne ya hau mata kai, wata ta ce ita dama tun farko ba ta yarda da mace mai tonon rami ba. Mama ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce a kan tukunyar da masu ita ma sun manta da ita za ta kashe aurenta. Auta ta shige ɗaki ta sha nata kukan har idonta ya kumbura.

Wanda ya fi ba ta ciwo shi ne Dogo. Da ya kira, maimakon lallashi sai cewa ya yi da ta bari sun yi shawara tukuna. Ta tambaye shi, in da shi ne wani ya ce ya rage siminti a buhu don babu mai gani, zai tsaya shawara?

"Sori, Auta," ya ce daga baya. "Ke ce da gaskiya. Ba zan yi wa Baba rashin kunya ba, amma kuma ba inda za ni."

An hana shi zuwa gidan su Auta, ya kuwa bi umarni. Sai dai babu wanda ya hana shi tuƙa mahaifinsa, kuma Alhaji ya mayar da filin ofis. Kullum yana can da kujerarsa da lema, yana ƙirga musu ɓata lokaci. Dogo na jingine da mota, wai waya yake dannawa, alhali kowa ya san inda idonsa yake. Auta kan zo ta durƙusa ta gaida Alhaji, ya amsa da hanci, gobe ma ta sake zuwa. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa ba shi haƙuri a kan abin da ta san daidai ta yi ba.

Madam ce ta gaji da mitar Alhaji. Ta miƙa masa rariya, ta ce tunda sauri yake so, ga hanya. Don ya nuna musu yadda maza ke aiki ya naɗe hannun riga ya karɓa. Bai jima ba ya tsinci ɗan dutsen wuya shuɗi mai huda a tsakiya. Ya ce shirme ne. Amma da aka sa shi a leda aka rubuta inda aka samo shi, sai da ya tabbatar an ambaci wanda ya tsinta. Washegari ya riga kowa zuwa, har da tabarau.

A hankali daɓen ya fito gaba ɗaya, faɗin ɗaki guda, tsingaro dubbai a jere kamar kitso. Alhaji da aikin gini ya fara kafin ya zama mai shago, don haka ya daɗe a tsugune a bakin ramin yana kallo ta gefen ido. Kafin kowa ya ankara ya buɗe gorar ruwansa ya tsiyaya a kai. Madam ta dafe ƙirji, saura kaɗan ta zube. Ruwan kuwa ya bi layi tiryan-tiryan, bai kwanta ko'ina ba, ya fice ta wata 'yar kafa a kusurwa.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Wannan maginin ba ya ha'inci. Har lungun da za a ɗora gado a kai, inda ba mai leƙawa, haka ya jera shi."

Can ya ɗaga kai ya dubi Auta, wadda ke riƙe da buroshi, ƙasa har gira. A karon farko tun ranar nan ya kira ta 'yata, ya ce ta je ta sha ruwa, rana ta yi zafi.

Kada mai karatu ya zaci an tashi babu asara. Hukuma ta ce a bar kusurwar yadda take a yi mata rumfa, shaguna biyu suka fita daga zanen Alhaji, kuma ya ji zafinsu har ransa. Da Hajiya ta taso da maganar a falo gaban gwaggonni, tana cewa ga abin da yarinyar ta jawo, kowa ya zaci zai ɗora. Sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ni na roƙe ta ta rufe, ba kowa a wurin. Tana tsorona, tana son ɗana, ta kuma san abin da za ta rasa, amma ta ƙi. Shekara nawa ina neman mai amanar da zan bar wa dukiyata in yi barci? Yarinyar da ta ƙi yin ƙarya don ta faranta mini ba za ta yi wa ɗana ƙarya ba. Ku je ku ba uwarta haƙuri, a sa rana."

Dogo ya fita da sauri har yana tuntuɓe da takalman baƙi. Da ya kira Auta kasa magana ya yi, sai dariya, ita kuma tana kuka tana cewa ya yi magana mana. Aka ɗaura aure bayan jarabawa, kuma gwaggon da ta fi kowa zagi ita ta fi kowa rawa.

Yau duk wanda ya je sayen kaya a shagunan nan ba ya tsira. Alhaji zai ja shi baya ya nuna masa daɓen, ya ce surukarsa ce ta gano shi, shi kuma ya ɗan taya ta kaɗan.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. So ba ya neman ka binne gaskiya don a karɓe ka. Wanda ya yi fushi da kai yau saboda ka ƙi ha'inci, in ka haɗa da ladabi da haƙuri, gobe shi zai damƙa maka abin da ya fi ƙauna.